Sarkin da aka tono a wurin ajiye motoci: Yadda jana'izar Richard na Uku ta raba kan mutanen Ingila

Ranar Lahadi 22 ga Maris, 2015, mutum kusan 35,000 suka yi dafifi a bakin titunan birnin Leicester da ƙauyukan da ke kewaye da shi, suna jiran wucewar wata gawa. Wasu sun ɗora yara a wuya, wasu sun riƙe fararen furanni, da akwatin ya iso kuwa sai suka yi ta jefa masa. Akwai masu tafi, akwai masu share hawaye.

Mamacin ya rasu shekara kusan 530 kafin wannan rana.

Sarki Richard na Uku ke nan, sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen daga. Shekara biyu da 'yan watanni kacal ya yi a kan gado, amma har yau ba a gama gardama a kansa ba. A wurin wasu azzalumi ne da ya ci amanar marayun yayansa ya haye karagarsu. A wurin wasu kuma adalin sarki ne da maƙiya suka shafa wa kashin kaji bayan ba ya nan balle ya kare kansa. An yi zaton gano ƙasusuwansa zai kashe wutar. Sai ma ya ƙara mata itace.

Yadda kabarin ya ɓace

An kashe Richard ne ranar 22 ga Agusta, 1485, a yaƙin Bosworth, yana da shekara 32. Wanda ya ci shi da yaƙi, Henry Tudor, shi ya zama Sarki Henry na Bakwai. Aka tuɓe gawar, aka saɓa ta a kan doki zuwa Leicester, aka baje ta a bainar jama'a don kowa ya tabbatar sarki ya mutu. Daga nan wasu limaman Kirista na gidan ibada da ake kira Greyfriars suka binne shi cikin gaggawa a cocinsu.

A 1538 aka rufe wannan gidan ibada, daga baya aka rushe shi. Gari ya yi ta hawa kan wurin, gini bisa gini, har aka manta inda cocin yake. Wani labari ma ya bazu cewa an tone ƙasusuwan an watsa su a kogin Soar, kuma mutane da yawa sun yarda da shi tsawon ƙarnuka.

Wadda ta ƙi yarda ita ce Philippa Langley, marubuciya kuma 'yar ƙungiyar masoya Richard, ƙungiyar da aka kafa tun 1924 domin wanke sunansa. Ita ta dage sai an haƙa wani filin ajiye motoci na ma'aikatan jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar birnin. Da kuɗin aikin suka gaza, 'yan ƙungiyar daga ƙasashe daban-daban suka yi karo-karo suka cike giɓin. Masanan haƙo kayan tarihi na Jami'ar Leicester suka karɓi aikin, duk da cewa shugabansu Richard Buckley bai ɓoye cewa da wuya a dace ba.

Ranar 25 ga Agusta, 2012 aka fara fasa kwalta. A ranar farko, cikin 'yan sa'o'i, aka ci karo da ƙasusuwan ƙafar mutum.

Abin da ƙasusuwan suka faɗa

Kabarin ya yi wa mai shi kaɗan, har kansa ya jingina da bangon ramin. Babu alamar akwati, babu alamar likkafani. Tafin ƙafafunsa sun ɓace, ana jin wani gini da aka yi a wurin ɗaruruwan shekaru daga baya ne ya yanke su.

An ƙirga raunuka 11 a jikin ƙwarangwal ɗin, tara a ka. Biyu daga ciki, a ƙeya, kowane ɗaya ya isa ya kashe mutum nan take, kuma suna nuna cewa babu kwalkwali a kansa lokacin da aka rufar masa. Akwai kuma wani suka da aka yi masa ta ɗuwawu, wanda masana suke ganin bayan ya mutu aka yi, don wulaƙanci kawai.

Sai ƙashin baya. Ya lanƙwashe gefe sosai, irin lanƙwasar da ke sa kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Wannan ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Masoyansa sun daɗe suna cewa batun nakasar ƙage ne na maƙiya, ga shi kuma ta bayyana ƙiri-ƙiri. Amma fa ba ƙusumbi ba ne irin wanda Shakespeare ya ɗora masa a wasan kwaikwayonsa, kuma hannayensa biyu lafiya lau suke, ba shanyayye ko ɗaya kamar yadda aka yi ta bayar da labari.

Gwajin ƙwayoyin halitta ne ya rufe bakin masu shakka. Masanin tarihi John Ashdown-Hill ya riga ya bi salsalar 'yar'uwar Richard, Anne ta York, daga uwa zuwa 'ya, har ya iso kan wani iyali a Kanada. Ɗaya daga cikinsu, Michael Ibsen, kafinta ne mazaunin Landan. Dokta Turi King ta gwada nasa da na ƙasusuwan, suka zo daidai. Ranar 4 ga Fabrairu, 2013 jami'ar ta sanar wa duniya cewa Richard ne.

Ba a kai ga gama murna ba rigima ta tashi.

Gawar ta wa ce?

Takardar izinin tono da Ma'aikatar Shari'a ta bayar ta bar wa jami'ar zaɓin inda za a sake binne shi, kuma tun farko an ambaci babbar majami'ar Leicester, wadda take 'yan taku kaɗan daga filin motocin. Al'adar masu wannan aiki ke nan: a mayar da mamaci wuri mai tsarki mafi kusa da inda aka same shi.

Mutanen York, a arewacin Ingila, suka ce ba su san zancen ba. Hujjarsu tana da ƙarfi. Richard ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a fadar Middleham da ke yankinsu, ya mulki arewa a madadin yayansa shekara da shekaru, a York aka naɗa ɗansa yarima mai jiran gado, kuma ya shirya kafa wata cibiya a babbar majami'ar garin inda limamai 100 za su riƙa yin addu'a. Kwana ɗaya bayan an kashe shi, majalisar birnin York ta rubuta alhininta a kundinta, a lokacin da yin hakan zai iya jawo fushin sabon sarki. Leicester kuwa, in ji su, garin da aka wulaƙanta gawarsa ne, aka cusa ta a rami, sannan aka shimfiɗa kwalta a kai.

Mutanen Leicester suka mayar da martani cewa shekara 500 yana kwance a garinsu babu wanda ya zo nema. Magajin garin, Peter Soulsby, ya ce ƙasusuwan ba za su bar Leicester ba sai dai bayan ransa. Kowane ɓangare ya buɗe takardar koke a intanet, kowanne ya tara sa hannu sama da 30,000. Wasu kuma gefe guda suna cewa sarki ne, don haka a kai shi majami'ar Westminster a Landan inda matarsa Anne Neville take kwance, a yi masa jana'izar ƙasa.

Abin ya wuce wasa. Da shugabannin majami'ar York suka fito suka ce su ba su da ja a bar shi a Leicester, sai wasiƙun zagi suka yi ta sauka a kan shugabar limaman wurin, Vivienne Faull, har aka kai wa 'yan sanda. Laifinta a idon masu zagin ya haɗa da cewa daga Leicester aka yi mata canjin aiki zuwa York.

Daga nan aka tafi kotu. Wasu mutane da suka ce su dangin Richard ne ta wajen 'yan'uwansa suka kafa ƙungiya mai suna Plantagenet Alliance, suka nemi a soke izinin saboda ba a tuntuɓe su ba. Matsalarsu ita ce Richard bai bar zuriya ta kai tsaye ba, ɗansa na aure ya riga shi rasuwa, kuma bayan ƙarni biyar masu irin wannan dangantaka ta nesa sun kai miliyoyi. Wa za a tuntuɓa, wa za a bari? Ranar 23 ga Mayu, 2014 alƙalai uku na babbar kotu suka yi watsi da ƙarar, suka ce lokaci ya yi da za a bar mutumin ya huta. Ministan shari'a na lokacin, Chris Grayling, ya yi ƙorafin kuɗin jama'a da shari'ar ta cinye.

Ba soyayya kaɗai ke tafe da garuruwan biyu ba, ko da yake babu mai son faɗin haka da ƙarfi. Kabarin sarki yana jawo baƙi, baƙi kuma suna kwana a otal, su ci abinci, su sayi tsaraba. Tun kafin a binne shi Leicester ta buɗe gidan tarihi na musamman a watan Yulin 2014 a daidai wurin da aka tono shi, inda mai ziyara zai tsaya kan gilashi ya leƙa ramin.

Da wace addu'a?

Ana gama wannan sai ta addini ta taso. Richard ɗan ɗariƙar Katolika ne, domin a zamaninsa ita kaɗai ce a Ingila. Cocin Ingila, wato Angilika, ya ɓalle daga Roma ne a 1534, kuma wanda ya ɓalle da shi Henry na Takwas ne, ɗan mutumin da ya ci Richard da yaƙi. A zamanin wannan Henry ɗin ne kuma aka rufe gidan ibadar da kabarin yake. Majami'ar Leicester kuwa ta Angilika ce.

Dubban 'yan Katolika suka sa hannu a takardar neman a binne shi bisa tsarin addinin da ya mutu a kai. Tambayarsu mai sauƙi ce: idan da gaske girmama mamaci ake son yi, don me za a sallace shi da addu'ar cocin da bai taɓa sani ba?

Shugabannin cocin biyu suka zaɓi sulhu. Kadinal Vincent Nichols, shugaban Katolika na Ingila da Wales na lokacin, shi ya yi huɗuba a daren da aka shigo da akwatin majami'ar, washegari kuma ya jagoranci addu'ar mamaci ta Katolika a cocin Holy Cross da ke cikin garin. Aka saka carbin Katolika a cikin akwatin, kyautar Ashdown-Hill. Wata masaniya a Oxford, Alexandra Buckle, ta gano tsohon rubutu da ke bayyana yadda ake addu'ar sake binne manya a ƙarni na 15, aka ɗebo wani abu daga ciki. Ashe shi kansa Richard ya san wannan al'ada: a 1476 shi ya jagoranci rakiyar ƙasusuwan mahaifinsa zuwa Fotheringhay, a 1484 kuma ya sa aka mayar da gawar Sarki Henry na Shida Windsor.

Wasu sun gamsu da sulhun. Wasu har yau suna ganin an yi wa mamacin kwaskwarima ce kawai.

Mako guda na makoki, ko na biki

Ibsen, kafintan da jininsa ya tabbatar da gawar, shi ya ƙera akwatin da hannunsa, da katakon wata bishiyar Ingila mai ƙwari, aka lulluɓe cikinsa da dalma. A ranar Lahadin aka fita da shi daga jami'a zuwa filin Bosworth inda ya faɗi, aka harba bindigogi, sannan aka biyo da shi ta ƙauyuka zuwa cikin gari. A ƙarshen tafiyar keken doki ne ya ɗauke shi, mahaya biyu cikin sulke suna gaba. Wancan karon tsirara ya shigo garin.

Kwana uku akwatin yana ajiye a majami'a. Mutum kusan 20,000 suka bi layi don su wuce ta gabansa, wasu suka yi sa'a huɗu a tsaye, har masu kula da wurin suka riƙa roƙon jama'a su daina shiga layin. Akwai waɗanda suka taso daga Amurka da Ostireliya. Kujerun da aka ware wa jama'ar gari a wuraren addu'a sai da aka raba su ta hanyar ƙuri'a saboda yawan masu nema. Leicester gari ne na Kirista da Hindu da Musulmi da mabiya Sikh, kuma duk an ga fuskokinsu a bakin titi.

Ranar Alhamis 26 ga Maris aka saka shi a kabari, tashar Channel 4 tana nunawa kai tsaye. Akbishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya jagoranta. Aka barbaɗa ƙasa daga wurare uku: Fotheringhay inda aka haife shi, Middleham inda ya tashi, da Bosworth inda ya mutu. Ɗan fim Benedict Cumberbatch, wanda shi ma an gano yana da dangantaka ta nesa da Richard, ya karanta waƙen da Carol Ann Duffy ta rubuta don ranar. Sarauniya Elizabeth ba ta je ba. Ta aiko da saƙo, surukarta Sophie ta wakilce ta. Gyaran majami'ar da hidimar duka an ƙiyasta sun ci fam miliyan biyu da rabi.

"Ina yaran?"

A nan ne masu adawa suka kasa yin shiru. Tambayarsu ɗaya ce, kuma ita ce wadda ƙasusuwan ba su amsa ba.

Lokacin da Sarki Edward na Huɗu ya rasu a watan Afrilun 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu: Edward mai shekara 12, wanda ya gaje shi, da ƙaninsa mai shekara tara. Baffansu Richard ne aka ba riƙon ƙasa har yaron ya girma. Cikin wata uku aka ayyana cewa auren iyayensu bai halatta ba, don haka ba su da gado. Richard ya hau karaga. Yaran suna Hasumiyar Landan, ana ganinsu suna wasa a tsakar gida, daga baya aka rage ganinsu, daga nan ba a sake ganinsu ba.

Babu wata shaida da ta nuna ƙarara cewa shi ya sa aka kashe su. Amma suna hannunsa ne, shi ya ci ribar ɓatansu, kuma da jita-jita ta cika ƙasa bai fito da su ya nuna wa jama'a ba. Masana tarihi da yawa suna ganin laifin yana wuyansa.

Jaridar Daily Mail ta buga sharhin da ke cewa hauka ne a mayar da mai kisan yara gwarzon ƙasa. A jaridar Guardian, Polly Toynbee ta ɗauki abin ta wata fuska: ita abin da ya ba ta takaici shi ne yadda jama'a suke rusuna wa duk abin da aka kira sarki, ko da azzalumi ne, ko da ƙasusuwa ne. Masanin tarihi David Starkey ya yi wa masoya Richard ba'a a talabijin ana tsakiyar hidimar. A shafukan sada zumunta kuwa wasu sun riƙa tambayar yadda za a kashe miliyoyi kan mamacin ƙarni biyar a lokacin da gwamnati take tsuke bakin aljihu, gidajen rabon abinci ga mabuƙata suna ƙaruwa. Majami'ar ta amsa da cewa gudummawar masu hali da ta jama'a ce ta ɗauki nauyin aikin.

Masoyansa suna da nasu lissafin. Suna cewa wanda ya ci yaƙi shi ke rubuta labari: Thomas More ya rubuta tarihin Richard a zamanin gidan Tudor, Shakespeare kuma ya yi wasansa a zamanin Elizabeth ta Ɗaya, jikar Henry na Bakwai. Wa zai yabi wanda kakan sarauniya ya kashe? Suna kuma nuna majalisar dokokin da ta zauna a zamaninsa a 1484, wadda ta ƙarfafa bayar da beli, ta kare dukiyar wanda ake tuhuma kafin a yanke masa hukunci, aka kuma buga dokokinta da Turanci, harshen talakawa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kyakkyawar doka ba ta faɗi inda yaran suke ba.

Da 'yan jarida suka riƙa zagayawa cikin layin, amsoshin da suka samu ba su bi ko ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu sau da ƙafa ba. Da yawa ba su zo yanke hukunci ba. Wasu tarihi suka zo gani da idonsu, wasu alfahari da garinsu ya kawo su, wasu kuma abin da ya taɓa su shi ne ramin nan da ya yi kaɗan da sukan da aka yi wa gawa. Bishop na Leicester na lokacin, Tim Stevens, ya faɗi kusan haka a huɗubarsa, cewa ba shari'a aka taru a yi masa ba, mutuncin da aka hana shi ranar mutuwarsa aka zo mayar masa.

Sai ƙwallo ta shigo

A ranar da aka binne Richard, ƙungiyar Leicester City tana can ƙasan teburin gasar Firimiya, kowa ya gama sallamawa za ta faɗi. Wasanta na farko bayan jana'izar ta ci West Ham 2-1. Ta ci bakwai cikin wasanni tara na ƙarshe, ta tsira a mataki na 14. A kaka ta gaba, wadda 'yan caca suka ba ta damar ɗaya cikin 5,000, Claudio Ranieri da su Jamie Vardy da Riyad Mahrez da N'Golo Kante suka ɗaga kofin a watan Mayun 2016. Watanni biyu bayan haka ne ƙungiyar ta sayo Ahmed Musa daga CSKA Moscow.

Magoya baya suka ce albarkar sarki ce, ya ji daɗin makwancinsa. Rabi wasa ne, rabi kuma ba wasa ba. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri: a wannan kakar ce York City ta faɗo daga rukuninta, ta fice daga jerin manyan rukunai huɗu na Ingila. Mutanen Leicester ba su bar wannan ya wuce ba tare da tsokana ba.

Gardamar yaran kuwa tana nan. A 2023 Philippa Langley ta fito da wasu takardu daga ɗakunan ajiya na Turai da ta ce suna nuna yaran sun rayu bayan mulkin Richard. Wasu masana suka ce a duba, da yawa suka ce takardun ba su kai hujja ba.

Akwai wuri ɗaya da watakila amsar take. A 1674 ma'aikata suna gyara a Hasumiyar Landan suka tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala. Sarki Charles na Biyu ya sa aka zuba su cikin wani tulun dutse aka ajiye a majami'ar Westminster. An buɗe shi sau ɗaya, a 1933, lokacin babu gwajin ƙwayoyin halitta, babu kuma hanyar auna shekarun ƙashi. Yanzu duka biyun suna nan, kuma an riga an san na baffansu. An sha neman izinin sake buɗe tulun, hukumomin majami'ar da fadar sarauta ba su bayar ba.

A Leicester, kabarin wani farin dutse ne babba da aka kawo daga Swaledale, a yankin Yorkshire, aka tsaga gicciye mai zurfi a kansa. York ba ta samu gawar ba, amma dutsenta ne ke rufe da ita. Duk ranar 22 ga Agusta akan kawo masa fararen furanni.